Tallafin Gwamnati a kan Sola: Abin da Ikilisiya Za Ta Sani Kafin Ta Sa Hannu

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, man janareta yake cinye baikonmu a Kusada da Kankiya. Membobinmu teloli da masu aski da masu sayar da ruwan sanyi su ma suna ji a jikinsu. Shi ya sa da an ce gwamnati tana ba da sola, sai kowa ya kasa kunne. Bari mu duba yadda abin yake.

Hukumar da ke kula da wannan aiki ita ce ta samar da lantarki a karkara, wato REA. A 2018 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 350 domin aikin, a Disamba 2023 kuma ya amince da dala miliyan 750 domin sabon shiri mai suna DARES. Amma kuɗin nan ba fasto ko mai shago ake danƙa wa ba. Kamfanonin da hukumar ta tantance ake biya, bayan an tabbatar sun kafa kayan. Rabonmu shi ne sauƙin farashi, ko damar biya kaɗan-kaɗan. Ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda aka sa wa shaguna sola, 'yan kasuwa biyan kuɗin wuta suke yi. Saboda haka duk wanda ya zo da fom yana karɓar kuɗin rajistar sola kyauta, kada ma'aji ya ba shi ko kwabo sai dattawa sun bincika sunan kamfaninsa a wurin hukumar.

To, ya dace ikilisiya ta amfana da kuɗin gwamnati? Nehemiya ya roƙi Sarki Artashate katako domin aikin Urushalima, ya kuwa karɓa (Nehemiya 2:8). Amma shi ne ya ƙi cin abincin da gwamna ke da hakkin karɓa, don kada ya nawaita wa jama'a (5:14-18). Mu karɓa da irin wannan zuciya. Kada mu ƙara yawan ɗalibai ko marasa lafiya a takarda, kada kuma mu yarda sola ta zama kuɗin sayen ƙuri'unmu.

Sai lissafi. A Luka 14:28 Ubangiji ya koya mana yin lissafi kafin a soma gini. Farantin sola yakan wuce shekara 20, amma batir ba ya kaiwa haka, shi ne kuma mai tsada. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin farantin idan ba a gogewa. Don haka mu riƙa ajiye wani kashi na kuɗin man da muka huta saye, mu naɗa mutum ɗaya mai kula da kayan, mu karɓi yarjejeniyar gyara a rubuce.

Idan wutar ta samu, ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse su riga lasifika. Maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi, su sha ruwan tare da mu. Ubangiji ya ba mu hikima da aminci cikin wakilcinmu. Amin.