'Yandoto: Kufan Garin Malamai a Ƙasar Tsafe

Matafiyin da ya taso daga Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, ya ratsa Gusau ya kama hanyar Funtuwa, zai bi ta ƙasar Tsafe, inda ƙauyen 'Yandoton Daji yake kusa da kufan tsohon garin 'Yandoto, wato wurin da aka taɓa zama sannan aka tashi. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo garin yana cikin ƙasar Katsina, kuma ya shahara da malamai da almajirai masu zuwa daga nesa, a kan hanyoyin fataken da suka haɗa ƙasar Hausa da yamma.

Labarin da ya fi yawo game da garin shi ne na Korau. Masu ba da tarihin baka suna cewa ɗan kokawa ne daga 'Yandoto, wanda ya yi abota da Sanau, sarkin Katsina na lokacin, har ya samu asirin layun da ke kare sarkin ta bakin matar sarkin, sannan ya kayar da shi a fagen kokawa, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Masana tarihi suna sanya mulkin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, suna kuma ɗaukarsa sarki Musulmi na farko a Katsina. Ba dole ne a karɓi batun layu yadda yake ba, amma abin lura shi ne Katsinawa da kansu sun jingina asalin gidan sarautarsu ga baƙon da ya fito daga wannan gari, wanda hakan shaida ce ta darajarsa.

Faɗuwar garin ta zo a wajejen 1806, lokacin da Muhammadu Bello ya iso da rundunar masu jihadi. Da yawa daga malaman 'Yandoto ba su yarda da hujjojin masu jihadi ba, sulhu bai yiwu ba, aka ci garin da yaƙi, jama'a suka watse. Wannan ne ya sa tarihinsa yake da nauyi a baki, domin rigima ce tsakanin malamai da malamai, kowane ɓangare da littattafansa, abin da Yusufu Bala Usman ya tattauna a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina na 1981.

Mai ziyara da ke tsammanin gine-gine zai sha mamaki. A ƙasar Ayalan, ƙauyen Glendalough, inda wani mai suna Kevin ya kafa mazaunin masu ibada na Kirista a ƙarni na 6, har yau yana da hasumiyar dutse mai tsawon kusan mita 30, saboda dutse yana jure ruwa. Ginin ƙasa kuwa, irin na 'Yandoto, da zarar an daina yi masa yaɓe, damina kaɗan ke mayar da shi tudu. Saboda haka abin da ya rage na 'Yandoto ya fi yawa a bakin dattawa da cikin sunayen sarauta: sarkin Tsafe ana kiransa 'Yandoton Tsafe, na Gusau kuma Sarkin Katsinan Gusau, sunan da ke tuna alaƙar yankin da Katsina, duk da cewa garuruwan biyu suna cikin Jihar Zamfara tun da aka ƙirƙiro ta a 1996. Rashin tsaron da ya addabi yankin a 'yan shekarun nan ya sa zuwa kufan ya yi wuya.