Tafin Hannu da Kan Keke: Yadda Ake Zaɓen Safar Hannu Don Hanyoyi Masu Gargada

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Ƙauran Namoda ya bi hanyar ƙauye zuwa wajejen Zurmi, ko ya ɗauko buhun gero a kariya ya nufi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya san cewa ba ƙafa ce kaɗai ke gajiya ba. Sau da yawa mahayi kan sauka ya ji ƙaramin yatsansa ya mutu, tafin hannunsa yana zafi, wani lokaci ma ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ɗalibai da malamai da ƙananan ma'aikata da dama sun koma hawan keke, don haka wannan matsala ta ƙara yawaita. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke faruwa a cikin hannu yayin irin wannan tafiya, sannan ta nuna yadda sanin ginin hannun zai taimaka wajen zaɓen safar hannu da ta dace.

A ƙasashen Turai da Amurka, hawan keke a kan duwatsu da hanyoyi marasa kyau wasa ne mai zaman kansa. Ya samo asali ne daga jihar Kalifoniya a shekarun 1970, kuma an shigar da shi wasannin Olamfik a birnin Atlanta a 1996, shekarar da Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa, kuma shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Abin da su suke yi don nishaɗi, mutanenmu suna yin sa kullum don neman abinci. Ƙasarmu ba ta da manyan tsaunuka, amma tana da burji mai gargada, da rairayi, da kwazazzabai, da gangaren koguna irin su Gagare da Bunsuru. Wahalar da hannu ke sha iri ɗaya ce, saboda haka darasin da 'yan wasan suka koya zai amfane mu.

Yadda Aka Gina Hannu

Hannun ɗan Adam, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, goma sha huɗu a yatsu. Manyan jijiyoyin saƙo guda uku ne ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Ya kamata mai karatu ya lura cewa kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi abubuwa daban-daban. A nan ba hanyar jini muke nufi ba, muna nufin zaren da ke kai labarin zafi da sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, ya kuma dawo da umarni zuwa tsoka. Biyu daga cikin ukun nan suna bi ta gefen tafi, kuma su ne suka shafi mahayin keke.

Ta farko ita ce jijiyar alna. Ita ce wadda idan mutum ya bugi gwiwar hannunsa da kujera yakan ji kamar minjirya ta ja shi har ƙaramin yatsa. Idan ta iso wuyan hannu, takan ratsa wani ɗan matsattsen lungu a gindin tafi, ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Wani likitan fiɗa na Faransa mai suna Félix Guyon ne ya yi bayanin wannan lungu a 1861, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Wannan jijiya ce ke ba ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe ji, kuma ita ke sarrafa akasarin ƙananan tsokokin da ke ware yatsu da haɗa su.

Ta biyu ita ce jijiyar tsakiya. Tana wucewa ta wani rami a tsakiyar wuyan hannu tare da igiyoyin tsoka guda tara da ke lanƙwasa yatsu. Ita ke ba babban yatsa da manuni da na tsakiya da sauran rabin yatsan zobe ji. Da yake ramin a cike yake, idan aka tanƙwara wuyan hannu baya na tsawon lokaci sai wurin ya ƙara matsewa.

Fatar tafi ita ma ta bambanta da ta sauran jiki. Tana da kauri, ba ta da gashi, ba ta da ƙwayoyin da ke fitar da maiƙo, amma tana da ƙofofin gumi ɗaruruwa a kowane murabba'in santimita. A ƙarƙashinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da albasa, waɗanda masanin ginin jiki ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya bayyana a ƙarni na 19. Aikinsu shi ne jin girgiza, kuma da su ne mahayi ke gane halin da tayarsa take ciki ba tare da ya duba ƙasa ba.

Abubuwa Huɗu da Ke Cutar da Hannu

Na farko shi ne danniya. Idan mahayi ya duƙa, wani kaso na nauyin jikinsa yana sauka a gindin tafi, daidai kan lungun da jijiyar alna take bi. Jijiyar saƙo tana buƙatar jini kamar kowace gaɓa. Idan an danne ta, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita sukan toshe, sai saƙo ya daina wucewa sosai. Wannan ne dalilin mutuwar ƙaramin yatsa. Girgizar gargada tana ƙara tsananta abin, domin kowane karo da taya ta yi da dutse kamar bugun guduma ne a wuri guda.

Na biyu shi ne goga. Idan fata ta yi ta gogayya da kan keke, saman fatar yakan rabu da abin da ke ƙarƙashinsa, ruwa ya taru a tsakani, bororo ya fito. Fatar da gumi ya ɗan jiƙa ta fi busasshiya saurin yin bororo. Da daɗewa jiki yakan kare kansa ta hanyar yin kanta, amma a lokacin hunturu kanta takan bushe ta tsage.

Na uku shi ne faɗuwa da ƙaya. Mutum ba ya shawara kafin ya miƙa hannu idan zai faɗi; jiki ne ke yin haka don ya kare kai. Saboda haka tafi ne ke fara haɗuwa da tsakuwa, ko tsidau, ko ƙarangiya. A ƙunƙuntar hanya kuma rassan aduwa da magarya da bagaruwa sukan yagi bayan yatsu. Raunin da ƙasa ta shiga ba abin rainawa ba ne, domin ƙwayar cutar Clostridium tetani, wadda ke haddasa sarƙe-haƙora, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma hanyoyinmu su ne hanyoyin shanu da jakai.

Na huɗu shi ne yanayi. Da asubar hunturu, jiki yakan tsuke hanyoyin jinin yatsu don ya adana ɗumi a ciki, sai yatsu su yi nauyi, jan burki ya yi jinkiri. A bazara kuwa, lokacin da zafi kan haura digiri 40, gumi yakan sa hannu santsi, sai mahayi ya ƙara damƙa don kada ya suɓuce, tsokokin damtse su gaji da wuri.

Zaɓen Safar Hannu

Abu na farko da za a duba shi ne girma, domin safar da ba ta dace da hannu ba ta fi rashin safa illa. Idan ta yi yawa, takan tattare a tafi, tattarewar ta haifar da bororon da ake gudu. Idan ta yi kaɗan, takan matse hanyoyin jini ta ƙara mutuwar yatsu. A sami tef ɗin tela a zagaya tafi a inda ya fi faɗi, ban da babban yatsa, a riƙe adadin. Amma da yake ma'aunin kamfanoni ya sha bamban, gwaji ya fi. A sa safar, a dunƙule hannu kamar an riƙe kan keke. Kada kan yatsu ya tokare, kada kuma a ga rarar da ta wuce kima, kuma madaurin wuyan hannu ya karɓi yatsa ɗaya a ƙarƙashinsa.

Na biyu shi ne tsawon yatsu. Akwai mai rabin yatsa, wadda ta fi sanyi, kuma ta wadatar a kan kwalta. Amma masu hawan duwatsu sun fi zaɓen mai cikakken yatsa, saboda tana kare gaɓoɓi daga ƙaya, tana kuma hana yatsa zamewa daga hannun burki. Ga mai bin hanyar daji ko gefen gona, ita ce ta fi dacewa.

Na uku shi ne matashin tafi. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton mafi kauri shi ne mafi kyau. Matashi mai kauri sosai yana toshe aikin ƙwayoyin jin girgiza, yana kuma ƙara wa kan keke kauri, sai damƙa ta yi rauni. Abin da ake so shi ne siririn matashi a gindin tafi wanda zai baza nauyi a fili mai faɗi. A guji safar da ɗinki mai tauri ko dunƙulen soso ya faɗo daidai tsakiyar wuyan hannu, inda jijiyar tsakiya take bi.

Na huɗu shi ne abin da aka yi ta da shi. Tafin yana son fata mai laushi ko roba mai kama da fata wadda ba ta santsi idan ta jiƙe, bayan hannun kuma yana son yadi mai shan iska. Abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin fatun da duniya ta fi yabawa tana wurinmu. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da 'ya'yan bagaruwa, ta yi ɗaruruwan shekaru ana ƙetare hamada da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Siririya ce, tana da ƙarfi da laushi. Baduku mai basira, idan an zana masa tafin hannu a takarda, zai iya ɗinka facin wannan fata a kan safar yadi mai araha.

Akwai kuma waɗanda ya kamata a guje wa. Yawancin safofin hannu masu kauri da ake samu a gwanjo an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara. Suna jiƙa hannu da gumi, suna hana jin burki. Ta saƙar ulu tana zamewa a kan ƙarfe. Ta masu walda ta yi tauri, ta robar asibiti kuwa ba ta shan iska, kuma ƙaya ɗaya ta ishe ta. Idan sanyin hunturu ya tsananta, siririyar mai cikakken yatsa wadda bayanta ke tare iska ta wadatar.

Abin da Safa Ba Za Ta Iya Ba

Safar hannu tana rage illa ne, ba ta gyara keken da bai dace da mahayinsa ba. Idan bakin sirdi ya sunkuya ƙasa, jiki yakan zame gaba, nauyi ya taru a hannu. Idan robar kan keke ta cinye har ƙarfe ya fito, a sauya ta. Taya mai iskar da ta wuce kima tana aika kowace girgiza zuwa tafi. Mahayi ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu don ta shanye bugu, ya miƙe wuyan hannu daidai da damtse, ya kuma riƙa sauya riƙo yana sassauta yatsu lokaci-lokaci. Haka nan safa ba ta hana karaya. Wanda ya faɗi a kan tafi ya ci gaba da jin zafi a gindin babban yatsa, ya je a ɗauki hoton ƙashi, domin akwai wani ƙaramin ƙashi a wurin da ke karyewa ba tare da kumburi mai yawa ba, kuma yana da wuyar haɗewa idan an yi sakaci.

Mutuwar yatsa da ta wuce bayan ɗan hutu ba abin tsoro ba ce. Amma idan ta kwana biyu ba ta tafi ba, ko yatsu biyu na ƙarshe suka fara ƙanƙancewa, ko mutum ya kasa riƙe takarda tsakanin yatsunsa, to a ga likita. Kada a ɗora komai a kan keke. Ciwon suga yana lalata jijiyoyin saƙo, kuma cutar kuturta ta fi kama jijiyar alna ɗin nan, musamman idan akwai wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Kuturta tana warkewa sarai, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganinta kyauta. Zuwa asibiti da wuri shi ke hana nakasa.

Gwaji Don Aji

Malamai za su iya nuna wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A ba ɗalibi 'yan tsabar wake da gero da gyaɗa a cikin kwano, a rufe masa ido, ya ware su da hannu tsirara, ana duba agogo. Sannan ya maimaita da siririyar safa, ya sake maimaitawa da mai kauri. A rubuta lokacin da kowane gwaji ya ci a allo, ɗalibai su tattauna abin da ake samu da abin da ake rasawa idan an ƙara kauri.

Kammalawa

Mun ga cewa hannun mahayin keke yana fuskantar danniya da goga da rauni da sauyin yanayi, kuma kowanne yana da tushe a ginin jiki. Safar da ta dace ita ce wadda ta zauna daidai, mai cikakken yatsa, mai siririn matashi a gindin tafi, mai shan iska a baya. Tsada ko kauri ba su ne ma'auni ba. Ɗalibin da zai yi tafiya mai nisa a keke kafin ya riƙe biro a ɗakin jarrabawa, da manomin da zai sauka ya kama fartanya, duk da hannun nan guda za su yi aikin. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.