Taba Sigari a Jakar Matafiyi: Inda Kwastan Ke Jiran Mai Kaya

Ɗan kasuwar da ya saba tashi daga Legas, Abuja ko Kano zuwa ƙasashen waje ya san cewa babu jami'in da zai hana shi shiga jirgi don an ga kwalin taba sigari a jakarsa. Taba ba ta cikin jerin kayayyaki masu haɗari ga jirgin sama, saboda haka ana iya saka ta a jakar hannu ko a akwatin da za a auna. Matsalar tana can ne a filin jirgin da za a sauka, inda jami'an kwastan ke duba ta da idon haraji.

Dalili kuwa shi ne, a ƙasashe da yawa haraji ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na kuɗin kowane kwali. Duk karan da ya shigo ba a biya masa fito ba, giɓi ne a baitulmali. Don haka kowace ƙasa ta ƙayyade adadin da fasinja zai shigo da shi domin amfanin kansa, abin da ya haura kuma sai ta ɗauke shi a matsayin haja.

Adadin da ya fi yawa a duniya shi ne kara 200, wato kwali goma masu kara ashirin-ashirin. Haka dokar take ga mai shiga mafi yawan ƙasashen Tarayyar Turai ta jirgin sama daga wata nahiya, da kuma mai shiga Birtaniya: kara 200, ko giram 250 na tabar da ba a naɗe ba, kuma sai wanda ya cika shekara 17. A Amurka ma kara 200 ne, amma shekarun sun kai 21. Sai dai akwai wani tarko a dokar Birtaniya da ya kamata a lura da shi. Wanda ya wuce adadin zai biya haraji a kan dukan tabar da ya ɗauko, ba a kan rarar kaɗai ba. Ƙarin kwali biyu na iya jawo wa goman farko haraji.

Wasu ƙasashen kuwa sun matse ƙofar ainun. Ostiraliya ta rage adadin zuwa kara 25 a shekarar 2017, ban da kwali ɗaya da aka riga aka buɗe. Hong Kong, tun 2010, kara 19 kacal ta yarda da shi, wato ko cikakken kwali ɗaya bai samu shiga kyauta ba. Singafo ba ta da rangwame ko na kara guda. Dole ne a bayyana komai a biya masa. Saudiyya, inda 'yan Nijeriya ke yawan zuwa ibada da fatauci, ta ɗora wa taba harajin kashi 100 cikin 100 a 2017, abin da ya sa jami'anta ba sa wasa da wanda ya cika akwati da ita.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na masu saye a shagunan cikin filin jirgi da ke sayar da kaya ba haraji. Rangwamen da aka samu a can na ƙasar da aka tashi ne. Ba ya ɗaure ƙasar da za a sauka, kuma mai shagon ba ruwansa da ko kwali talatin mutum ya saya. Haka nan ba a haɗa rabon mutum biyu a hannun mutum ɗaya a Birtaniya, yaro kuma ba shi da rabo. Wanda ya bi ta ƙofa mai alamar kore alhali ya haura adadi, a idon doka ya shaida cewa ba shi da abin bayyanawa, kuma abin da kan biyo baya shi ne ƙwace kayan da tara. Bin jar ƙofa a biya harajin ya fi arha nesa ba kusa ba.

Inda dokar tsaron jirgi ta shigo shi ne wajen abin kunna wuta. Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa, fasinja na iya riƙe laita ɗaya ko ƙaramin kwalin ashana a jikinsa, amma ba a saka su a akwatin da zai shiga cikin jirgi ta ƙasa. Masu zuwa sarin kaya Guangzhou su sani cewa Sin ta haramta ɗaukar laita da ashana gaba ɗaya a jiragen da ke tashi daga filayenta. Sigarin lantarki kuma, saboda batirinsa na iya kama wuta, a jakar hannu kaɗai ake ɗaukarsa, kuma ba a yi masa caji a cikin jirgi. Indiya ta haramta shigo da shi a 2019, Tailan da Singafo ma sun haramta, don haka abin da ya halatta a sama yana iya zama laifi da zarar an taka ƙasa.

Shan tabar a cikin jirgi kuwa an daɗe da rufe babinsa. Tun 1992 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya ta nemi ƙasashe su hana shi a jiragen ƙasa da ƙasa kafin watan Yuli na 1996, kuma a yau bayin jirgi na ɗauke da na'urar da ke jin hayaƙi.