Nutso a Bahar Maliya: Tsibiran Murjani na Gaɓar Sudan

Gabatarwa

Alhazan ƙasar Hausa da suka riƙa bin hanyar ƙasa zuwa Makka a da sun san garin Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tsofaffin gidajen wannan gari da dutsen murjani aka gina su, wanda aka haƙo daga teku. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wuraren da murjanin yake a raye, da yadda masu nutso suke kai musu ziyara.

Mene ne murjani?

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke sawa a wuya. Na gaɓar Sudan danginsa ne, amma ba iri ɗaya ba ne. Murjani dabba ce ƙarama mai taushin jiki, wadda ke gina wa kanta gida na farin dutse. Idan ta mutu gidan yakan saura, wasu su yi gini a kansa, har bayan dubban shekaru a sami tudu a cikin teku. A jikin dabbar akwai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke samar mata da yawancin abincinta ta hanyar hasken rana. Saboda haka murjani yana buƙatar ruwa mai ɗumi, garai-garai. Bahar Maliya kuwa babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba laka a cikinta, shi ya sa haske ke ratsa ruwanta sosai.

Yadda ake nutso

Mai nutso yakan goya tukunyar iska a baya, ya sa tabarau, ya kuma sa takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Na'urar da ke daidaita iskar, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, wato Jacques Cousteau da Émile Gagnan. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa yakan ƙara danna shi da nauyi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wannan matsi yakan sa iskar naitirojin ta narke cikin jini. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an buɗe shi, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki ko ma mutuwa. Don haka ake koya wa ɗalibi ya taso a hankali, kada kuma ya riƙe numfashi. Masu nutson shaƙatawa ba sa wuce zurfin mita 40.

Fitattun wurare

Na farko shi ne Sanganeb, mai nisan kimanin kilomita 25 daga gaɓa. Zobe ne na murjani da ya taso daga ruwa mai zurfi, da doguwar hasumiya mai fitila a kansa don gargaɗin jirage. Gefensa kamar katanga yake, inda kifaye ke taruwa garke-garke.

Na biyu shi ne Sha'ab Rumi. A nan ne Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, inda mutanensa suka yi kwana 30 a zurfin mita 10, don a gwada ko ɗan Adam zai iya zama ya yi aiki a can. Wurin ya kuma shahara da kifin shak mai kai kamar guduma.

Na uku jirgin Italiya ne mai suna Umbria, wanda ke kwance kusa da Fot Sudan. A watan Yunin 1940, da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙansa suka nutsar da shi da gangan don kada bama-baman da ya ɗauko su faɗa hannun Ingilishi. Murjani ya lulluɓe ƙarafunansa, kifaye sun mai da shi gida.

Na huɗu shi ne yankin Dungonab da tsibirin Mukkawar, kimanin kilomita 125 arewa da Fot Sudan. Akwai kififfiyar teku da ke hawa yashi ta yi ƙwai, akwai kuma wata dabba 'yar'uwar ayun da masuntan Binuwai suka sani, wadda ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki tare da Sanganeb cikin jerin wuraren gado na duniya.

Barazana

Babban haɗarin shi ne ɗumamar teku. Idan zafi ya yi yawa, murjani yakan kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya koma fari fat, in abin ya daɗe kuma ya mutu. Akwai kuma ɓarnar ankar jirage, da malalar mai, da kamun kifin shak fiye da kima. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya durƙusar da harkar yawon buɗe ido, ya kuma ƙara wahalar da aikin kula da waɗannan wurare.

Kammalawa

Abin lura shi ne, tudun murjani rayayyen abu ne, kuma shi ke ba kifaye mafaka, ya ba masunta abinci, ya kare gaɓa daga igiyar ruwa. Reshen da ya yi shekaru yana girma, taku ɗaya kan karya shi. Shi ya sa ake horar da mai nutso ya kalla kawai, kada ya taɓa, kada kuma ya ɗauko komai.