Kafin Wuƙar Likita Ta Taɓa Bayan Yaro

Shirinmu na yau ya leƙa ɗakin tiyata ne, wurin likitan da ke sa majinyaci barci.

Akwai wata cutar gado mai suna Duchenne, wadda ke kama kusan yaro namiji 1 cikin 5,000. Ta ɓangaren uwa ake gadonta. Tsokar yaron takan yi ta rauni: sha-raɓarsa ta yi kauri, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa, ya bi cinyoyinsa da hannu yana miƙewa a hankali. Da yawansu kan koma keken guragu wajen shekara 12. Daga nan ƙashin baya yakan karkace ya matse huhu, sai a yi tiyata a miƙe shi da sandunan ƙarfe da sukurori.

Aikin na cin sa'o'i, yaron yana kwance rub da ciki, jini kuma na zuba da yawa.

To, babban abin tsoron yana cikin wata allura, suxamethonium, da ake yi don sassauta jiki kafin a zura bututun numfashi. A jikin mai Duchenne takan farfasa tsoka, sinadarin fotasiyam ya kwarara cikin jini, zuciya ta tsaya cikin mintuna. Iskar sa barci irin su halothane ita ma tana iya haddasa haka. A shekarun 1990, bayan mutuwar yaran da ba a san suna da cutar ba, hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi mai ƙarfi kan yi wa ƙananan yara wannan allura.

Shi ya sa ake wanke na'urar sa barci daga ragowar iskar, a riƙa ɗiga maganin barci na propofol ta jijiya. Wannan hanya tana kuma bai wa ma'aikata damar aika ɗan lantarki ta laka, su ga ko saƙo na isa ƙafafu yayin da ake ɗaura sukurori.

Tun kafin ranar tiyata, sai an duba zuciya da ƙarfin huhu, domin cutar ba ta ƙyale su ba. Ana tambayar iyaye: akwai kawun yaron da ya daina tafiya tun yana ƙarami? Akwai wanda bai farka daga tiyata ba? Bai kamata iyaye su ɓoye amsar don kunya ba, musamman da yake suxamethonium da halothane har yanzu ana amfani da su a asibitocin Afirka da dama.

Bayan tiyata, sashen kulawa ta musamman ake kai yaron, wani lokaci na'ura na taimaka masa numfashi na 'yan kwanaki.