Mutumin da ya mai da jirgin ruwa gidansa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a ɗakin da muke karatun yaƙi da jahilci akwai wata tsohuwar kalanda rataye a bango. Shekararta ta wuce, amma ba mu cire ta ba saboda hoton da ke jikinta. Hoton wani ƙaramin jirgin ruwa ne mai farin ƙyalle, yana tsaye cikin shuɗin ruwa, a bayansa ga farin rairayi da itatuwan kwakwa. Ran nan wani dattijo daga cikin masu koyon karatu ya daɗe yana kallonsa, sai ya ce mini: "Malam, mai wanga jirgi ai ya huta. Ba noma, ba kiwo, ba jan guga." Duk aji aka yi dariya. Na yi masa alkawarin kawo labarin irin wannan zama. To ga shi. Ku karanta da kanku, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Ƙasarmu ba ta da teku, don haka sai mun fara da jirgin kansa. Ba irin kwalekwalen kogin Isa ba ne. Tsawonsa yakan kai metir 10 ko 12. A tsakiyarsa akwai dogon turke, a jikin turken ake ɗaura wani babban ƙyalle mai kauri. Iska ce ke bugun ƙyallen ta tura jirgin, ba sai an sayi mai ba. A ƙarƙashinsa akwai ƙarfe ko darma mai nauyin gaske, shi ke hana shi kifewa in iska ta tsananta. Cikinsa kuwa ɗaki ne sosai: ga gado, ga murhu, ga wurin ajiyar abinci da ruwa. Akwai mutane da yawa a duniya da ba su da wani gida sai shi. Da matansu da ƴaƴansu suke yawo daga tsibiri zuwa tsibiri, shekara da shekaru.

In iska ta yi kyau, irin wannan jirgi yana cin kilometir 200 a yini da kwana. A babban tekun da ake kira Pasifik, daga tsibiran Galafagos zuwa tsibiran Markiz akwai wajen kilometir 5.500. Wato kamar ka yi hanyar Yamai zuwa Damagaram sau shida. Sati uku ko huɗu ke nan ba ka ganin ƙasa ko kaɗan. Kuma ba lokacin da ka so kake tashi ba. A waɗannan wurare masu zafi iska daga gabas take busowa galibin shekara, matafiya ita suke bi su yi yamma. Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu kuwa lokacin guguwa ne a kudancin Pasifik. Mai hankali kafin nan ya nemi maɓoya, ko ya bar yankin.

Cikin masu irin wannan rayuwa, wanda sunansa ya fi fita shi ne wani Bafaranshe mai suna Bernar Mwatesiye. An haife shi a 1925 a ƙasar Biyetnam, lokacin tana hannun Faransa. A wajen masuntan can ya koyi tuƙi tun yana yaro. A 1952 ya kama hanya shi kaɗai cikin wani tsohon jirgin katako. Ba shi da cikakkun kayan sanin wurin da yake. Wani dare jirgin ya hau kan duwatsun tsibirin Diyego Garsiya, a tekun Indiya, ya farfashe. Shi ya tsira da ransa. Ya yi shekara uku yana aiki a tsibirin Moris, ya ƙera wani jirgi da hannunsa. Da shi ya zagaya Afirka ta Kudu, ya ƙetare tekun Atalantika. A 1958, kusa da tsibirin San Bensan a yankin Karayib, gajiya ta yi masa yawa, barci ya kwashe shi. Bai farka ba sai da jirgin ya hau duwatsu. Jirgi na biyu ke nan.

Ku lura da wannan, don a nan wuyar zaman take. A tsakiyar teku ba abin da jirgi zai yi karo da shi sai jefi-jefi. Bakin tsibiri ne ke cin jirage, wato daidai wurin nan mai kyau da ke cikin hoton kalandarmu. Jirgi ba ya tsayawa don dare ya yi. In mutum biyu ne, ɗaya na barci ɗaya na gadi, bayan awa uku ko huɗu su yi canji. In kai kaɗai ne, barcinka guntu-guntu ne, ka farka ka leƙa waje, ka koma. Makiyayin da ya taɓa kwana a daji da dabbobi kusa da gonakin mutane ya san irin wannan barci.

Jirginsa na gaba na ƙarfe ne, metir 12, an shafa masa jan fenti, ya sa masa suna Joshuwa. Kuɗi ba su ishe shi ba, sai ya yi turakun jirgin da itacen wayar tangaraho. A watan Agusta na 1968 ya tashi daga Ingila cikin wata gasa ta zagaya duniya, mutum shi kaɗai, ba tsayawa ko'ina. Su tara suka shiga. Bai yarda ya ɗauki rediyon aika magana ba. In ya gamu da babban jirgi, sai ya sa wasiƙa cikin ɗan gwangwani, ya harba ta da danƙo irin na yara masu harbin tsuntsu. Ya riga ya wuce wurare mafi haɗari, mutane suna ganin zai iya cin kyautar, sai a watan Maris na 1969 ya harba wasiƙa yana cewa ya fasa komawa Turai, don a teku yake jin daɗi. Ya ci gaba da tafiya har tsibirin Tahiti. Ya isa ran 21 ga Yuni, bayan wata goma bai taka ƙasa ba. Wasu suka ce ya haukace. Ni dai ban ga hauka ba, na ga mutumin da ya san abin da ransa yake so.

Yanzu mu zo kan maganar jan guga da dattijonmu ya yi. Ruwan teku gishiri ne zalla, ba ya shayuwa. Wanda ya sha shi ƙishirwa za ta ƙaru masa, in ya matsa ya halaka. Ruwan da ke cikin tankin jirgi shi ne ran mutanen ciki, kuma da lissafi ake taɓa shi. Kwano da tukunya da ruwan teku ake wankewa. Wanka ma haka, sai dai a ɗauraye da ɗan kofi guda na ruwan daɗi. In hadari ya taso, kowa ya fito da sauri. A bar ruwan farko ya wanke gishirin da ke jikin ƙyalle, sa'an nan a rataya bokiti a ƙarƙashinsa a tara. Haka Mwatesiye ya riƙa samun ruwan sha a doguwar tafiyarsa.

Kada ku ce in an isa tsibiri an huta. Gabas da Tahiti akwai tsibiran Tuwamotu, sun fi 70. Kusan dukansu kamar zobe suke: siririyar ƙasa ta kewaye wani babban tabki na ruwan gishiri. Tudun galibinsu bai wuce ƴan metoci ba bisa ruwa, shi ya sa matuƙi ba ya hango su sai ya matso kusa. Turawan da suka ratsa su a da sun yi musu laƙabi da tsibirai masu haɗari. Ƙofar shiga tabkin ƴar matsattsiya ce, ruwa na gudu cikinta da ƙarfi. Sai an jira sa'ar da ruwan ya lafa, kuma rana ta yi sama tana bayanka. Mutum ɗaya ya hau turke yana karanta launin ruwa. Shuɗi mai duhu, akwai zurfi. Kore-kore, zurfi ya ragu. In ya ga launin ƙasa-ƙasa, dutsen murjani ne, sai ya yi ihu a kauce. Wannan ma wani irin karatu ne, kuma wanda ya yi kuskuren baƙi ɗaya ya rasa gidansa.

A waɗannan tsibirai babu kogi ko ɗaya. Mutanen wurin ruwan sama suke tarawa daga rufin ɗaki. Abincinsu na gargajiya kifi da kwakwa. Kifin ma ba kowanne ake ci ba. Wasu daga cikin masu kiwo kusa da murjani suna ɗauke da wani dafi da wuta ba ta kashewa, kuma ido ba ya gane shi. Baƙo mai wayo ba ya dafa abin da ya kama sai ya nuna wa ɗan gari. Wani ɓangare na kuɗinsu kuwa daga kwakwa yake fitowa: a fasa ta, a shanya farin cikinta ya bushe, jirgi ya zo ya kwasa zuwa Tahiti a matse mai.

A 1975 Mwatesiye ya sauka da iyalinsa a ɗaya daga cikinsu, mai suna Ahe. Ya ɗaure jirgi, ya yi bukka da ganyen kwakwa. Kun san aikin da ya kama? Noma! Sai dai wurin babu ƙasar noma, rairayi ne da ɓarɓashin murjani, in ka zuba ruwa nan take ya shanye. Ya riƙa ɗauko ƙasa cikin buhuna daga Tahiti, tafiyar ɗaruruwan kilometir a kan ruwa. Ya tara ganye da ɓawon kwakwa suna ruɓewa su zama taki. Da haka ya yi lambu, ya dasa itatuwa. Ga kuma ɓeraye da ke hawa itatuwan kwakwa suna huda ƴaƴan tun suna ɗanye. A can dabarar da ake yi musu ita ce a naɗa falle na kwano a jikin itacen, ɓera ya zo ya yi ta santsi ya kasa wucewa. Mutanen yankin suka sa masa suna Tamata. A harshensu ma'anarsa ita ce gwadawa, don kome aka ce ba ya yiwuwa sai ya ce a gwada. Bayan shekara uku ya kwance jirginsa ya ƙara gaba.

A yau abubuwa sun yi sauƙi. Akwai na'urar da ke nuna wa matuƙi daidai inda yake ta hanyar tauraron ɗan adam. Akwai faifan hasken rana mai ba da lantarki, har da injin da ke tace gishiri daga ruwan teku. Amma duk suna son kuɗi, kuma gishiri na cinye su kamar yadda gara ke cin zana. In sun lalace a tsibirin da ba makaniki, mai jirgi shi ne makaniki, shi ne maɗinki, shi ne likita.

Shi kansa Joshuwa bai tsira ba. A watan Disamba na 1982 yana ɗaure a bakin tekun Meksiko, iska mai ƙarfi ta taso da dare ta jefa shi kan rairayi tare da wasu jirage da yawa. Da yake na ƙarfe ne bai farfashe ba, amma gyaransa ya fi ƙarfin mai shi, sai ya bar wa wasu samari da suka taimaka wajen tono shi. Abokai suka haɗa hannu aka ƙera masa wani ƙarami, ya sa masa suna Tamata, ya koma Tahiti da shi. Ya rasu a Faransa ran 16 ga Yuni na 1994, yana da shekara 69. Joshuwa kuwa an gyara shi, tun 1990 yana hannun gidan tarihin jiragen ruwa na garin La Roshel, a Faransa.