Yadda ɗalibi zai halarci lacca kai tsaye ta Zoom ko Google Meet ba tare da datarsa ta ƙare ba

Garin Magami yana kudu da Gusau, a kan hanyar da ta nufi Ɗansadau. Tafiyar ba ta da wani nisa, amma duk mai bin wannan hanya ya san ba kullum ake kama ta da kwanciyar hankali ba saboda matsalar 'yan bindiga. Ɗalibin da gidansu ke Magami, yake karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko a Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Tsafe, yakan wayi gari da zaɓi biyu: ya hau mota ya tari hanya, ko lacca ta wuce shi. Su ma mazauna kusa da makaranta ba su tsira ba, domin a watan Satumba na 2023 an sace ɗaliban jami'ar daga gidajen haya da ke Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bunguɗu.

Wannan ya sa maganar lacca ta intanet ta wuce maganar gayu a Zamfara. Sai dai da yawa sun gwada, sun ga data ta ƙone, murya tana yankewa, suka ce abin ba na talaka ba ne. Matsalar takan fito ne daga yadda ake amfani da manhajar. Abin da ke riƙe ajin kai tsaye shi ne murya, ba hoton fuska ba, kuma murya ba ta cin data da yawa.

Mene ne ajin kai tsaye?

Karatu ta intanet iri biyu ne. Akwai wanda malami zai naɗi darasi ko ya tura PDF a zauren WhatsApp, kowa ya buɗe lokacin da ya samu sarari. Akwai kuma wanda malami da ɗalibai za su haɗu a lokaci guda ta Zoom, Google Meet, Microsoft Teams ko BigBlueButton, malami yana magana ana jin sa nan take.

Amfanin na biyun shi ne tambaya. Ɗalibar da ba ta gane yadda aka lissafa adadin maganin yaro bisa nauyinsa ba za ta iya tsayar da malami a daidai wurin, ya sake bayani kafin kuskuren ya zauna mata a kai. Idan ba a buɗe ƙofar tambaya ba, gara a naɗi darasin kawai a tura, an huta da asarar data.

Duniya ta rungumi wannan tsari ne a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu. Kamfanin Zoom, wanda Eric Yuan ya kafa a 2011, ya ce masu shiga taruka a manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. A Najeriya an rufe manyan makarantu a watan Maris na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci a koma koyarwa ta intanet, amma yajin aikin ASUU da ƙarancin kayan aiki suka hana abin tafiya a yawancin jami'o'in gwamnati.

Me ya sa YouTube ke tafiya amma Zoom na yankewa?

Wannan tambaya ce da ke damun mutane da yawa. A waya ɗaya, da layi ɗaya, bidiyon YouTube zai tafi sumul, amma da an shiga Zoom sai muryar malami ta koma kamar ta mutum-mutumi.

Dalilin shi ne YouTube yana tara bidiyon gaba a cikin waya kafin a kai gare shi. Idan sabis ya ɗauke na daƙiƙa uku, yana da ajiyar da zai ci gaba da nunawa. Ajin kai tsaye ba shi da wannan ajiya, domin maganar da malami zai yi nan da daƙiƙa uku bai riga ya furta ta ba.

Wayar malami tana yayyanka muryarsa zuwa ƙananan ƙunshi, ta tura su zuwa sabar kamfanin, ita kuma ta rarraba wa kowane ɗalibi. Ƙunshin da ya makara a hanya ba a jiran sa, watsar da shi ake yi a wuce. Wannan giɓin shi ne yankewar da kunne ke ji. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa idan ana son hira ta tafi daidai. Idan ya haura kashi 400, mutane sukan fara cin karo da juna a magana. Ke nan sabis mai ɗorewa, ko da ba shi da gudu sosai, ya fi sabis mai gudu da ke zuwa yana ɗaukewa.

Lissafin data

Zoom ya wallafa ƙarfin intanet da kowane abu ke buƙata. Murya kaɗai tana son kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa. Nuna allon kwamfutar malami, wato rubutun darasi ba tare da hoton fuska ba, yana son 50 zuwa 75. Bidiyon rukuni mai matsakaicin kyau kuwa yana son kusan kilobit 1000 na turawa da 600 na karɓa.

Idan aka juya waɗannan alƙaluma zuwa abin da ake saya a kati, murya kaɗai ba za ta wuce 36MB a awa ba. Murya haɗe da allon malami kusan 70MB ne. Da zarar an kunna kyamara kowa yana kallon kowa, lissafin zai iya kaiwa 720MB a awa ɗaya.

A ɗauka ɗalibi yana da lacca awa biyu a rana, kwana biyar a mako. A wata awa 40 ke nan. Da murya da allo, bai kai 3GB ba. Da kyamara a kunne, ya doshi 29GB. Darasin ɗaya ne, malamin ɗaya ne, amma kuɗin ya ninka sau goma. Ainihin abin da waya za ta ci yana hawa yana sauka gwargwadon sabis, amma tazarar tana nan. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan tazara ta ƙara nauyi a aljihun iyaye.

Wace manhaja ta fi dacewa?

Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma yana yanke taro bayan minti 40. Google Meet na kyauta shi ma mutum 100 ne, yana ba da awa ɗaya ga taron mutum uku zuwa sama. Kiran rukuni na WhatsApp ya tsaya a mutum 32, don haka ya fi dacewa da ƙaramin rukunin bita kafin jarrabawa, ba babban aji ba.

BigBlueButton ba a san shi sosai a nan ba, alhali shi don koyarwa aka gina shi tun asali. An fara shi a 2007 a Jami'ar Carleton da ke Kanada, kyauta ne, kuma makaranta za ta iya ɗora shi a sabarta. A burauza yake buɗewa, ba sai an sauke manhaja ba, abin da zai yi wa mai ƙaramar waya daɗi. Yana da allon rubutu da wurin jefa ƙuri'a da ɗakunan raba ɗalibai rukuni-rukuni.

Abin da ɗalibi zai yi

Na farko, ya dubi harafin da ke saman wayarsa kusa da sandunan sabis. Idan 4G ne ko H+, murya da allo za su tafi. Idan E ne, da wuya aji ya yiwu, sai ya canza wuri ko layi. Kwana ɗaya kafin lacca ya zagaya gida da unguwa ya gano inda sabis ya fi tsayuwa, ya gwada da kiran WhatsApp na minti biyar. In da hali ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban.

Na biyu, ya kashe kyamararsa, sannan ya shiga saituna ya tsayar da bidiyon sauran mutane. Kashe tasa kaɗai rabin aiki ne, domin fuskokin da ke shigowa su ma data suke ci. Zoom yana da wurin tsayar da bidiyo mai shigowa, Meet kuma yana da wurin rage cin data.

Na uku, ya hana sauran manhajoji shan data a ɓoye. Sabunta manhajoji a Play Store da saukar bidiyon zaurukan WhatsApp kai tsaye suna raba hanya da muryar malami.

Na huɗu, ya sa abin sauraro a kunne, ya rufe makirfo har sai zai yi magana. Kukan akuya ɗaya ko ƙarar injin niƙa daga gidan ɗalibi ɗaya ya isa ya dagula ajin mutum tamanin.

Na biyar, caji. Bidiyo yana zafafa waya yana shanye batir. Ya shiga aji da cikakken caji, da fawa bank ko ƙaramin sola a gefe.

Abin da malami zai yi

Rabin nasarar ajin tana hannun malami. Ya tura takardun darasi tun da daddare, yadda wanda allo ya ƙi buɗe masa zai bi da kunne yana duba PDF. Ya riƙa faɗin lambar shafi da baki. Kada ya tilasta kunna kyamara don ɗaukar sunan waɗanda suka halarta. Tambaya ɗaya da kowa zai amsa a rubuce ta fi tabbatar da cewa mutum yana wurin.

Ya raba darasi gida-gida, bayan kowane minti goma ya tsaya. Idan ya yi tambaya ya ɗan jira, domin shirun da yake ji wataƙila jinkirin sabis ne, ba rashin sani ba. Ya buɗe wurin rubutu ga masu jin nauyin magana, musamman ɗalibai mata da matan aure da ke bin darasi daga cikin gida. Kada a watsa adireshin shiga aji a fili, a sa lambar sirri da ɗakin jira don kada baƙi su kutso.

Ranar da sabis ya ɗauke gaba ɗaya

Mutanen Zamfara sun san wannan ba zato ba ne. A farkon Satumban 2021, lokacin gwamna Bello Matawalle, an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata ɗaya, sauran sassan jihar suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Duk tsarin karatun da ya dogara ga ajin kai tsaye kaɗai zai tsaya cik a irin wannan hali.

Saboda haka kowace lacca a naɗe ta, a fitar da muryar kaɗai a matsayin ƙaramin fayil. Muryar awa ɗaya da aka matse ba ta wuce 15MB zuwa 30MB, ana iya tura ta ta WhatsApp, ko ɗalibi ɗaya da ya shigo gari ya kwasa ya raba wa 'yan uwansa ta Xender ko Bluetooth ba tare da intanet ba. Wanda ya saurara daga baya a ba shi damar turo tambayarsa, a amsa ta a farkon aji na gaba.

Ajin intanet ba zai maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje ko aikin asibiti ba. Ba a koyon allura ta Zoom. Amma darussan bayani da lissafi da bita, waɗanda su ne kaso mai yawa na karatu, za su iya isa ga ɗalibi a Magami ko ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu a kan data da ba ta kai 3GB a wata ba, muddin shi da malaminsa sun yarda su kashe kyamara su buɗe ƙofar tambaya.